Bashin ƙasa da ruwan talaka a ciki: tambayoyin mutanen Damagaram da amsoshinsu

Duk inda aka taɓo maganar bashin ƙasa, a fadar samari ne, ko taron ƙungiyar mata, ko shirin rediyo da ake bugo waya, tambayoyin kusan iri ɗaya suke fitowa. Abin da ɗan Birni ya tambaya shi za ka ji a Zango, shi za ka ji a Miriya da Magarya. Mun tattara su a nan domin masu aikin wayar da kai da duk mai son ya san inda kuɗinsa ke tafiya.

Idan an ce bashin ƙasa me ake nufi, kuma su wa ke bin mu?

Kuɗi ne da gwamnati ta ranta da sunan ƙasa, ko wanda kamfanin gwamnati ya ranta ita kuma ta tsaya masa. Kowace shekara ana rage uwar kuɗi, ana kuma biyan kuɗin ruwa, dukansu daga baitulmali.

Masu bin Nijar ba iri ɗaya ba ne. Akwai manyan cibiyoyi kamar Bankin Duniya, Asusun Ba da Lamuni na Duniya (FMI), Bankin Raya Afirka, Bankin Musulunci da BOAD, bankin raya Afirka ta Yamma, waɗanda yawanci ruwansu kaɗan ne, wa'adinsu kuma shekaru masu yawa. Akwai ƙasashe irin su Sin, Faransa, Indiya da asusun ƙasashen Larabawa. Akwai kasuwar kuɗi ta yankin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, inda baitulmali ke sayar wa bankuna takardun lamuni da kuɗin sefa. Sai bashin da aka fi mantawa, wato na ƴan kwangila da masu kai wa gwamnati kaya da suka gama aiki ba a biya su ba. Ƙasashe kamar Gana, Senegal da Najeriya suna da wani ƙari, takardun lamuni da suke sayarwa a kasuwannin Turai da dalar Amurka ko yuro.

Malam, ni ban sa hannu a takardar kowa ba, ban ga ko dala ba. Ina ruwana?

Kai ne mai biya, shi ya sa. Harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da ke cikin farashin kaya da yawa, da kuɗin duwan da ɗan kasuwa ke ɗora wa hajarsa kafin ta iso Kasuwar Dole, da abin da ake cira a kuɗin waya, duk suna shiga tukunya ɗaya. Daga cikinta ake biyan masu bin bashi, kuma su ba a cika ce musu su dawo gobe ba.

Akwai kuma biyan da ba a gani, wato aikin da aka fasa. Yaron da ke karatu a ajin zana, da matar da aka rubuta wa magani ta fita waje ta saya, da unguwar da famfo ya kafe aka koma jiran mai ga-ruwa, kowannensu yana ɗauke da wani kaso. Ba mu ce bashi kaɗai ne ya jawo waɗannan ba. Amma hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a rahotonta na 2024 cewa mutane miliyar 3.3 na zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa a ilimi ko a lafiya. Wanda ake biya da guminsa yana da hakkin ya tambaya nawa ne, kuma me aka yi da shi.

Ai Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi laifi ne ga ƙasa?

Ba laifi ba ne, kuma masu fafutuka da suka san aikinsu ba sa faɗin haka. Amurka, Faransa da Japan duk sun fi mu bashi. Manomin da ya ci bashi ya sayi shanun huɗa da amalanke, da wanda ya ranci tiya ɗaya a tsakiyar damina don ya mayar da biyu da kaka, duk sun ci bashi, sai dai na farko kayan aikinsa za su biya masa, na biyu kuwa baɗi zai dawo hannun mai hatsi da wuri fiye da bana. Abin dubawa shi ne me aka yi da kuɗin, nawa ne ruwansa, yaushe za a biya, da wane kuɗi za a biya, kuma an sanar da jama'a ko an ɓoye.

Yaya aka yi ƙasashe masu tasowa da yawa suka faɗa rami ɗaya a lokaci ɗaya?

Bayan tashin farashin man fetur a 1973, bankunan Turai da Amurka sun cika da kuɗin ƙasashe masu mai, suka shiga neman wanda zai ranta. Ruwan bashi a lokacin yana da sauƙi, amma ba tsayayye ba ne. Daga 1979 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa ƙwarai don ya magance hauhawar farashi a gida, sai bashin da aka ci da arha ya yi tsada, a daidai lokacin da farashin koko, auduga, tagulla da sauran abin da ƙasashen ke sayarwa ya faɗi. A Agustan 1982 Meziko ta ce ba za ta iya biya ba, wasu suka biyo baya.

Namu labarin na yuraniyom ne. An fara haƙo shi a Arlit a farkon shekarun 1970, farashi ya yi sama, gwamnatin Seyni Kountché ta shiga manyan gine-gine da hanyoyi, ana rance bisa zaton kasuwa za ta ɗore. Da shekarun 1980 suka kama farashi ya karye, a 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da FMI, ga kuma farin 1984 a kai.

Me dattawa ke nufi da zamanin gyaran tattalin arziki, kuma me ya sa suke ɓata rai idan sun tuna?

Sharuɗɗa ne da FMI da Bankin Duniya suka gindaya kafin su ba da sabon rance: a rage ɗaukar ma'aikata, a sayar ko a rufe kamfanonin gwamnati, a janye tallafi, a sa mara lafiya ya biya kuɗin magani. Manufar ita ce ƙasa ta tsuke bakin aljihu har ta iya biyan bashi. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna adawa da matakan da suka taɓa ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasa ga babban taron ƙasa na 1991.

Sai Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Bashin da ake bin mu da kuɗin waje ya ninka a lissafin sefa dare ɗaya, magani da kayan gyaran mota suka yi tsada, ma'aikata kuma suka yi ta tara watanni babu albashi. Duk malamin makarantar da ya yi aiki a shekarun nan zai ba ka labarin yadda ya rayu da bashin mai kanti.

Ba an yafe mana bashi a zamanin Tandja ba? Wa ya nema mana?

An yafe kaso mai yawa, kuma ba don tausayi ya sauko wa masu kuɗi haka kawai ba. A 1996 aka kafa shirin PPTE na ƙasashe matalauta masu tarin bashi, amma ƙofarsa ƙunci gare ta. Sai ƙungiyoyin addini, na ƙwadago da na farar hula suka haɗu a gangamin Jubilee 2000. A Mayun 1998 mutane kimanin 70,000 suka riƙe hannuwan juna suka kewaye wurin taron manyan ƙasashe takwas na G8 a Birmingham ta Ingila, aka kuma tara sa hannun mutane sama da miliyan 24 a faɗin duniya. A taron Kolon na Jamus a 1999 aka faɗaɗa shirin. A Afirka kuwa ƙungiyoyin fafutuka kan bashi, irin su AFRODAD da aka kafa a Harare a 1996 da rassan CADTM, suna ta nasu aikin.

Nijar ta shiga matakin farko a Disambar 2000, ta kammala a Afrilun 2004. Bayan taron G8 na Gleneagles a 2005 aka ƙara soke bashin da FMI, Bankin Duniya da Asusun Raya Afirka ke bin ƙasashe 18 na sahun farko, har da mu. Bashin waje ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Da kuɗin PPTE aka yi shirin musamman na shugaban ƙasa, wanda ya gina azuzuwa, ƙananan ɗakunan shan magani da madatsun ruwa a ƙauyuka. Wasu suna aiki har yau, wasu an gina su babu ma'aikaci ko kaya. A shekarun nan ne kuma aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta bi wata hanya. A 2005, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, Kulob ɗin Paris, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, ya yafe mata dalar Amurka miliyar 18, ita kuma ta biya kimanin miliyar 12.

To idan an yafe, me ya sa muke maganar bashi kuma?

Domin an share allo ne, ba a gyara abin da ke cika shi ba. Har yanzu ɗanyen kaya muke sayarwa, wani ne ke yanka masa farashi. Harajin da ake tarawa yana nesa da kashi 20 cikin 100 na arzikin shekara da UEMOA ta sa a gaba, ga rangwamen haraji da ake yi wa manyan kamfanoni. Sai kuɗin tsaro da ya ƙaru, da fari da ambaliya, da annobar korona.

A ƴan shekarun nan bashin Nijar yana wajen rabin arzikin shekara, ƙasa da iyakar kashi 70 ta UEMOA. Wannan adadi yana kwantar da hankali fiye da yadda ya kamata. Wani babban kaso yanzu daga kasuwar yanki yake, mai wa'adin watanni ko ƴan shekaru, mai ruwan da ya ninka na Bankin Duniya sau da yawa, har ya zama ana cin sabo don a biya tsoho. A ganinmu tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: cikin kowace jika da baitulmali ya tara, nawa ke tafiya wurin masu bin bashi kafin a zo kan albashi da magani?

Addini ya tsananta kan biyan bashi. Neman a yafe ba cin amana ba ne?

Tambaya ce ta mai tsoron Allah, kuma malamai da dama suna yin ta. Gaskiya ne bashi abu ne mai nauyi, har ana sanar da shi a wurin jana'iza. Amma a Suratul Baƙara, aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce a rubuta bashi da shaidu. Abin da masu fafutuka ke nema ke nan: a rubuta, a bayyana, a sassauta wa wanda ya gaza. A wajen Kiristoci ma sunan Jubilee daga shekarar yafe basussuka ta Attaura aka samo shi.

Ƙasashen da ke tsananta mana su ma an taɓa yi musu sassauci. A yarjejeniyar Landan ta 1953 an rage wa Jamus ta Yamma kimanin rabin bashinta, a 2004 kuma Kulob ɗin Paris ya soke kashi 80 cikin 100 na abin da yake bin Iraƙi.

Mene ne bashin zalunci, kuma ta yaya ake gane shi?

Wani masanin shari'a, Alexander Sack, ya tsara wannan ra'ayi a 1927: bashin da aka ci ba don amfanin jama'a ba, mai bayarwa kuma ya san haka, bai kamata ya hau kan jama'a ba. Babu kotun duniya da ke aiki da shi kai tsaye, amma ya yi tasiri. A 2006 Norway ta soke bashin da take bin ƙasashe biyar, ta yarda cewa ita ma tana da laifi, domin ta ba da shi ne don ta sayar da jiragen ruwanta.

Hanyar ganewa ita ce binciken bashi, a bi kowace yarjejeniya ɗaya bayan ɗaya. Ekwado ta kafa kwamitin bincike a 2007 da wakilan farar hula a ciki, bayan rahotonsa ta dakatar da biyan wasu takardu, a 2009 ta saye su da kimanin kashi 35 cikin 100 na darajarsu. Su waye ke da laifi a irin wannan bashi, amsar da ke biye ta taɓo shi.

Laifin Turawa ne ko na shugabanninmu?

Hannu biyu ne ke sa hannu a takardar bashi. A 2016 aka gano cewa Mozambik ta ci bashin ɓoye na kimanin dalar Amurka miliyar 2 da sunan jiragen kamun kifi da tsaron teku, majalisa ba ta sani ba. Ma'aikatan bankin da suka shirya shi sun amsa laifi a kotun Amurka, tsohon ministan kuɗi Manuel Chang ma an same shi da laifi a 2024. A Senegal kotun binciken kuɗi ta bayyana a 2025 cewa bashin ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 cikin 100 na arzikin shekara, alhali an sanar da kimanin 74. Fafutukar da ke zagin na waje kawai tana ba ɓarawon gida mafaka. Wadda ke zagin na gida kawai kuma ta manta da wanda ya ba da kuɗin yana sane.

Me zai hana mu ƙi biya kawai, kamar yadda Sankara ya ce?

Samari sun fi yin wannan tambaya. A Yulin 1987, a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Addis Ababa, shugaban Burkina Faso Thomas Sankara ya nemi shugabanni su haɗa kai su ƙi biya, ya kuma yi gargaɗin cewa idan Burkina ita kaɗai ta ƙi, ba za a gan shi a taro na gaba ba. An kashe shi ranar 15 ga Oktoban shekarar. Jigon maganarsa haɗin kai ne, kuma shi ne har yau ba a samu ba, alhali masu bin bashi suna da Kulob ɗin Paris tun 1956.

Ƙasa ɗaya idan ta tsaya da biya ana rufe mata ƙofofin rance, kuma mun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO da UEMOA ya toshe asusun gwamnati a babban bankin yanki, BCEAO, bashin da aka kasa biya ya taru har ya wuce sefa miliyar 300 kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Da aka koma kasuwa sai da aka biya tsoho, sabon kuma ya zo da tsada. Akwai kuma abin da ya kamata a lura: bashin kasuwar yanki na bankunan yankinmu ne, inda ajiyar ƴan kasuwa da albashin ma'aikata suke.

Akwai wata hanyar sasantawa a yanzu?

Akwai, amma tafiyarta ta hawainiya ce. A 2020 ƙasashen G20 suka ɗage wa matalautan ƙasashe biyan bashi har ƙarshen 2021, ɗagewa ce kawai ba yafiya ba. Suka kuma kafa wani tsarin bai ɗaya na sasanta bashi da Cadi, Zambiya, Habasha da Gana suka shiga. Zambiya ta gaza biya a Nuwamban 2020, ta shafe fiye da shekara uku ana ja-in-ja. Shi ya sa ƙungiyoyin Afirka ke neman a mayar da wannan shari'a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda mai bin bashi ba shi ne alƙali ba.

Suna kuma neman dokar da za ta taka wa kamfanonin da ake kira ungulaye birki, masu sayen tsohon bashi da arha su kai ƙasa ƙara. Ɗaya daga cikinsu ya sayi tsohon bashin Zambiya da kimanin dalar Amurka miliyan 3, ya kai ƙara Landan yana neman miliyan 55, a 2007 kotu ta ba shi wajen miliyan 15. Matsin lambar jama'a ya sa Ingila ta yi doka a kan haka a 2010, Beljiyam a 2015.

Ga matatar mai a jiharmu. Man fetur ba zai biya bashin ba?

Matatar SORAZ da ke hanyar Tanut ta fara aiki a Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, gwamnati 40. Ita kanta da rance aka gina ta. Daga 2024 ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututun da ya kai gaɓar tekun Benin, a Afrilun shekarar kuma gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, za a biya da mai.

Mai zai iya taimakawa. Amma Cadi, Kwango Brazabil da Angola duk suna da mai, duk kuma sun jingina shi tun yana ƙarƙashin ƙasa, da farashi ya faɗi a 2014 suka shiga uku. Mu da muka ga abin da yuraniyom ya yi mana, kamar yadda aka faɗa a amsar tarihin bashi, bai kamata a sake ruɗin mu da cewa arzikin ƙasa zai biya komai ba. Mutanen Damagaram, da hayaƙin matatar ke tashi a ƙasarsu, sun fi kowa hakkin neman a bayyana irin waɗannan yarjejeniyoyi.

Surutun talaka yana canza wani abu kuwa?

Amsar yafiyar zamanin Tandja ta nuna abin da gangami ya yi a waje. A gida ma, a 2005 da aka ɗora TVA a kan kayan masarufi kamar madara, fulawa, ruwa da wuta, haɗakar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ta kira zanga-zanga da zaman gida a Yamai da manyan birane, har gwamnati ta janye mafi yawan matakin.

Yaya za a wayar da kan mutanen da ba sa karanta Faransanci, miliyar kuma ba ta da ma'ana a kunnensu?

A fara da abin da suka sani. Kada a buɗe zama da sunayen cibiyoyi. A tambayi mahalarta wane aikin gwamnati ne a garinsu ya tsaya, wane ne ya yi amfani, sannan a bi sawun kuɗinsa. Manyan alƙaluma a mayar da su abin da ido ke gani: kuɗin ruwan shekara ɗaya aji nawa zai gina, rijiya nawa zai haƙa, bisa farashin da magina na garin suka sani. Duwatsu ɗari a kan tabarma, a ware na albashi, na tsaro, na bashi, na lafiya, sun fi dogon jawabi.

Rediyon gari, wasan kwaikwayo a dandali, saƙon murya a WhatsApp da zaman mata masu adashi duk hanyoyi ne, mata kuwa sun riga sun san lissafin zubi da kwasa fiye da yadda ake zato. A gayyaci liman, mai unguwa da ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke karatun tattalin arziki. Tunda kundin sabunta ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, neman a fitar da taƙaitaccen kasafin kuɗi da Hausa da sauran harsunanmu buƙata ce mai tushe. Abu ɗaya da muke roƙo: kada a faɗi adadin da ba a tabbatar ba, ko da zai ƙara wa magana armashi. Ƙarya ɗaya idan aka kama ta, sauran gaskiyar ma ba za a saurare ta ba.

Ina zan samu alƙaluma, kuma me zan tambaya?

Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana nuna abin da aka ware wa biyan bashi. FMI da Bankin Duniya suna wallafa nazarin bashin kowace ƙasa a intanet, hukumar kasuwar lamuni ta yanki, UMOA-Titres, kuma tana sanar da duk takardar da baitulmali ya sayar, da adadinta da wa'adinta.

Wanda ba shi da intanet ya fara da allon da ake kafawa a bakin aiki. Ya rubuta sunan mai ba da kuɗin, da adadin, da sunan ɗan kwangila, da wa'adin gamawa. Daga nan ya je ma'aikatar magajin gari ko ofishin da aikin ke ƙarƙashinsa, cikin ladabi kuma a ƙungiyance, ya tambaya ko kuɗin kyauta ne ko rance, domin allo ba ya cika bambanta su. Idan rance ne, a nemi sanin ruwansa da shekarar da za a gama biya. A rubuta amsar da ranar da aka bayar, a sake komawa bayan wata shida a gwada da abin da ke ƙasa.